Yadda Ƙafar Baba Ta Shiga Jarida

Maigidana zanen barkwanci yake yi wa wata jaridar Hausa mai fitowa mako-mako, da shi muke ci da shi muke sha. Na faɗi wannan tun da fari ne don na gaji da tambaya. Duk gidan biki ko suna da na shiga a Ƙauran Namoda, sai wata ta karkato kai ta ce, "To ban da zanen, wane aiki yake yi?" Babu. Zanen shi ne aikin. Ni da nake koyarwa a firamare ba a taɓa tambayata ko ina da wani aikin ban da alli ba.

Yadda yake aikin ma abin kallo ne. Da safe zai fita ya zauna wurin mai shayi a bakin tasha, ba ya cewa uffan, kunne kawai yake bazawa. Direbobin Shinkafi da na Zurmi su zo da labarin hanya, 'yan kasuwa su zo da na farashi, kowa ya zazzage abin da ke cikinsa a kan gwamnati. Sai ya dawo gida ya zauna a teburinsa na jikin taga, ya yi ta tauna murfin biro. Idan na ji ya yi dariya shi kaɗai, to zane ya samu. In ya gama sai ya ɗauki hotonsa da waya ya tura wa editansa a birni, wani lokacin sai ya taka turmina ya ɗaga wayar sama kafin saƙon ya tafi.

Mutum biyu ne a zanensa kullum. Akwai Mai Girma, wani ƙaton ɗan siyasa mai tumbi da babbar riga, wanda duk abin da aka kawo wa jama'a a gidansa yake kwana. Akwai kuma Talaka, wani siriri mai fartanya a kafaɗa, yana tsaye a kusurwar ƙasa, kullum da magana guda ɗaya a bakinsa. Maganar nan ita ake maimaitawa a tasha har mako ya zagayo.

Fuskar Mai Girma ba ta kowa ba ce, kuma da dalili. A farkon aikinsa maigidan ya taɓa zana wani da ya yi kama da wani babba a garinmu. Washegari wasu samari majiya ƙarfi suka yi mana sallama, suka zauna a zaure, suka ce gaisuwa suka zo. Na kai musu tuwo don a rabu lafiya. Suka cinye tas, suka nemi ƙarin miya, sannan suka gaya masa cewa hannun da ke zane shi ma ƙashi ne a cikinsa. Har yau in na tuna tuwon nan raina ɓaci yake yi. Tun daga ranar edita ya kafa doka: kada fuskar wani mai rai ta ƙara fitowa. Sai maigidan ya haɗa wa Mai Girma fuska daga kayan gida. Hancin daga bakin butar alwala ya ɗauko shi, idanun kuwa na akuyar maƙwabtanmu ne. Ni aka ba aikin dubawa. Kafin ya tura kowane zane sai ya miƙo mini ya ce, "Duba mini, da wa ya yi kama?" In na ce babu, sai a tura. Fuska nake dubawa, don fuska aka ce.

To, bari in kawo Baba, mahaifina. Dillalin shanu ne a karar Shinkafi, mutum mai tsare gida, wanda dariyarsa ke da tsada. Sana'arsa gaba ɗaya a kan amana take tsaye. Bafillace zai taso daga rugarsa ta wajen Katuru ya damƙa masa igiyar bijiminsa, ya tafi cin kasuwarsa, ba takarda ba shaida. Lokacin da ake neman aurena an gaya masa yaron ma'aikacin jarida ne, shi kuwa ya ɗauka sayar da ita yake yi. Da ya gano gaskiya daga baya, cewa kawai ya yi, "Allah shi kyauta," bai ƙara tada maganar ba.

Baba yana da wata ƙafa da ba ta da ta biyu a ƙasar Zamfara. Tun yana saurayi wani bijimi ya take masa ƙafar hagu, babban yatsan ya karkace ya hau kan na kusa da shi ya zauna, farcen ya rabe biyu. Saboda yatsan nan ba ya sayen takalmin kasuwa. Baduku yake sa wa ya yi masa na fata, a yanke wa yatsan wata 'yar taga ya leƙo.

Shi kuma maigidana kunyar surukai ta yi masa katutu. Mahaifiyarsa Bafillatana ce daga Gurbin Bore, ta ɗura masa kunya har ta fi ƙarfin bukata. In za mu gaida Baba, tun daga bakin layi yake kashe babur ya tura shi da hannu. Ya tuɓe takalmi a waje, ya shiga zaure a sunkuye, ya durƙusa, ya dasa ido a ƙasa. Baba ya amsa gaisuwar yana kallon bango. Haka za su yi ta "lafiya lau, madalla" har gaisuwa ta ƙare, a zauna shiru, sannan ya ja da baya ya fita. In ya ji an ce ga surukinka can tafe, sai ya faɗa lungun da ya fi kusa, ko da lungun ba ya ɓullewa. Shekara da shekaru ana haka, har muka tara yara. Kowa na yabonsa. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa mutumin da idonsa ke haddace duk abin da ya gani, in ka durƙusar da shi gaban wani, to wani abu yake kallo.

Abin ya faru ne a wata damina da aka yi ta rigimar takin zamani. An ce an kawo, manoma sun ce ba su gani ba. Maigidan ya zana Mai Girma kwance rashe-rashe a kan tarin buhunan taki, ya tuɓe takalmi, ya miƙo ƙafafu saitin mai karatu. Ƙafafun sun cinye rabin zanen. Talaka na kusurwa yana cewa shi ma a ba shi aron buhu ɗaya ya yi matashi. Da ma can ƙafar Mai Girma a cikin riga take ɓuya, wannan ne karon farko da ta fito fili. Ni kuwa makon nan na tafi suna a garin Dauran, ba a nuna mini ba. Edita ya yi ta yabo a waya, ya ce bai taɓa ganin ƙafa mai rai irin wannan ba.

Wanda ya gano ta Baffa ne na Zurmi, taubashin Baba. Tun suna yara suke wasan taubasai, kuma tsufa bai rage wa Baffa komai ba. Hatsi yake sayarwa, amma in ka tambaye ni, tsokanar Baba ita ce babbar sana'arsa. Wani ya nuna masa jaridar don ya ga maganar Talaka, shi kuwa idonsa ya sauka a kan yatsa. Aka ce sai da aka riƙe shi don dariya. Ranar kasuwar Shinkafi ya bar buhunansa, ya hau mota da jaridar a aljihu, ya nufi kara. Ya tara dillalai da Fulani da masu ɗaurin shanu, ya shimfiɗa jaridar a ƙasa dab da ƙafar Baba, ya ce kowa ya zo ya gwada da idonsa. Ga yatsa a kan yatsa. Ga farce rabe biyu. Ga takalmi a gefen buhu, da 'yar tagarsa.

Kafin azahar sunan Baba ya koma Mai Girma. Duk inda ya gitta sai a ce, "Ranka shi daɗe, ina takinmu?" A masallaci mutane suka riƙa satar kallon ƙasa in an daidaita sahu. Duk wannan da sauƙi, wasa ne. Amma a kasuwa ta gaba wani tsohon Bafillace da ya daɗe yana ba Baba shanunsa ya zo da sa, ya tsaya, ya dube shi, ya wuce ya miƙa wa wani dillali igiyar. Aka tambaye shi dalili, ya ce ya ji an sa Baba a jaridar gwamnati kan satar taki. Wannan ita ce ta karya Baba.

Inna, mahaifiyata, ta kira ni a waya ta ce in taho gida Baba na nemana. Na shiga motar Shinkafi da mayafi ɗaya, ina zaton kwana zan yi in dawo. Na same shi a tsakar gida. Ya jefo mini jaridar ya ce in duba. Na duba fuska kamar yadda na saba, na ce, "Baba, ai wannan hancin buta ne." Ya ce, "Duba ƙasa." Na duba ƙasa. Wallahi ƙafar da na tashi ina zuba wa ruwan alwala ce ke kallona.

Ya ce, "Kin zo ke nan. Wanda ya ɗauki ƙafar surukinai ya liƙa ma ɓarawo, ya watsa ma duniya, ba ya riƙe mini ɗiya. A aika a kwaso yara."

Na san Baba. Ba ya faɗin magana don a lallashe shi. Na shiga ɗakin Inna na yi kuka, kukan haushi da na tsoro, don ina son mijina, kuma ban ga ta inda za a ɓullo ba. Da na share hawaye na kira shi, ban ko yi sallama ba. Na ce, "Malam, ɗauko zanen takin nan ka dubi ƙafar." Na ji motsin takarda. Can na ji ya yi salati da wata 'yar murya, ya ce, "Wallahi ni ƙafa kawai na zana. Da na rufe ido na nemi ƙafar babban mutum, ita ce ta zo." Na ce to ta zo, ni kuma na tafi, sai ya san yadda zai yi.

Ya aiko manya, Baba ya ƙi sauraronsu. A ƙarshe Baffa ne da kansa ya ɗauko shi ya kawo. Wai ya ga wasan ya wuce gona da iri. Ni dai na fi zaton bai so a yi ƙarshen abin ba ya wurin.

Suka zauna a zaure da hantsi, ni da Inna muka laɓe a bayan ƙofar cikin gida. Maigidan ya durƙusa a inda ya saba, sai dai yau ya rasa inda zai sa ido, don ƙasan ma ta zama wurin laifi. Baba bai yi masa magana kai tsaye ba, bai taɓa yi ba. Baffa yake gaya wa, Baffa ya juya ya gaya wa wanda ke durƙushe kusa da gwiwarsa, kamar ba a ɗaki ɗaya suke ba.

Baba ya ce, "Tambaye shi, mi na yi mishi?"

Baffa ya ce, "Wai me ya yi maka, ban da ba ka 'ya da ya yi, da ƙafa kyauta?"

Maigidan ya yi wata magana ƙasa-ƙasa. Baffa ya kara kunne, ya ɗago ya ce, "Ya ce bai yi da niyya ba, hannunsa ne ya tafi."

Baba ya ce wannan zancen banza ne. Ya ce wayo ne irin na 'yan boko: an sa ƙafa don kowa ya gane, an ɓoye fuska don kada a kai ƙara. Maigidan ya sake motsa baki. Wannan karon Baffa bai maimaita nan take ba, sai da ya ce, "Me ka ce?" Sannan ya dubi Baba ya ce, "Wai bai ɓoye fuskarka ba. Wai bai san ta ba."

Baba ya yi tsaki. Ya ce ƙarya ce, kuma tunda abin ya zo ga haka, bari ya fasa wani ƙulli da ya daɗe yana riƙe da shi. Ya ce bara, ranar da ya je ɗaurin aure Ƙaura, yana zaune a benci a tasha yana jiran mota ta cika, sai ga wanga yaro ya zo. Ya dube shi ido cikin ido, ya ce, "Baba, ɗan gusa." Ya zauna kafaɗa da kafaɗa da shi, ya sayi gyaɗa, ya ci, har ya miƙo masa. Baba ya ce shi kunya da takaici sun hana shi ko da tari, ya tashi ya bar masa bencin. Bai gaya wa kowa ba don kada ya kashe wa ɗiyarsa aure. Ya ce, "Ran nan na san ladabin nan duk na ganin ido ne."

Na ji maigidan ya yi wani sauti kamar an taka kaza. Ni kaina na sare, don wannan ta fi ta jarida muni.

Sai Inna ta gyara murya. Ita ma ba ta magana a gaban suruki, don haka ni ta fuskanta, amma da muryar da za a ji har bakin titi. Ta ce, "Ke, ɗaurin auren nan na Ƙaura, ba shi ne ranar da Babanku ya matsa wa kansa ya sa takalmin nan sau-ciki da safa ba? Wanda ya dawo yana ɗingishi, ya ce a ba almajiri?" Ta ƙara da cewa ita dai tambaya take yi.

Baffa ne ya fara fahimta. Na leƙa ta kafar ƙofa na ga kafaɗunsa na rawa, ya toshe baki da hula. Da ya samu numfashi ya ce, "To ka ji. An rufe ƙafa, yaro ya rasa surukinsa."

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙeyar mutumin da ke durƙushe a gabansa. Ina jin lissafi yake yi na duk zuwan da aka yi, da sallah da azumi da suna da ta'aziyya, a ce duk tsawon nan ba a taɓa ɗaga ido an dube shi ba ko sau ɗaya, ko da a sace. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Baba ya ja ƙafafunsa a hankali ya cusa su cikin riga. Kunya ce ta kama shi.

Sannan ya yi magana, kuma ba da Baffa ba. Ya ce, "Kai. Ɗaga kanka ka dube ni."

Bawan Allah ya gwada, na shaida. Kan ya taso har gwiwa, ya kai aljihun riga, gumi na zuba. Da ya kusa gemu sai wuyan ya ƙi, kan ya koma inda ya fito. Baffa ya ce, "Ka bar shi haka, don Allah. Ƙafa kaɗai ya gani ka ga abin da ya yi da ita. In ya ga fuskar nan taka, ai kasuwa za ka bari." A nan ne dariya ta ƙwace wa Baba, 'yar guntuwa, ya maida ta tari.

Ya ja jaridar gabansa, ya ɗora yatsa a kusurwa. Ya ce, "Wanga siririn fa, wane ne?" Maigidan ya ce Talaka ne. "Mi yaka yi?" Ya ce ba ya yin komai, ana cutarsa ne yana faɗin gaskiya. Baba ya ce, "To tunda hannunka ya riga ya saba, cire ta daga jikin ɓarawon ka ba wanga." Sannan ya ɗaga murya saitin ƙofa, don ya san muna nan, ya ce in ɗauko mayafina in bi mijina tun da sauran rana, hanyar ba ta da kyau in la'asar ta yi.

A kan babur na bari har muka fita gari. Sannan na dunƙule hannu na ɗirka masa a baya, na ce, "Gyaɗa, Malam? Har da miƙa masa?" Ya ce don girman Allah in bar maganar. Ban bari ba, har yau ban bari ba.

Mako na gaba Mai Girma ya fito da takalmi sau-ciki, Talaka kuwa ya fito ba takalmi, da yatsa a kan yatsa. Baba da kansa ya aika aka sayo jaridar, ya kai ta kara, ya sa aka nemo tsohon Bafillacen nan aka karanta masa maganar Talaka da Fillanci. Tsohon ya ce da ma shi bai yarda ba, mutane ne da surutu. Sunan Mai Girma bai bar Baba ba, Baffa ya tabbatar da haka, amma igiyoyi sun dawo hannunsa. Daga baya ma in mako ya zo Talaka bai yi magana mai daɗi ba, sai Baba ya aiko ta bakina a gaya wa mai zane cewa ƙafarsa ba ta tsayawa a kan maganar banza.

Baba ya rasu bayan wasu shekaru, ciwon kwana kaɗan. Da aka gama yi masa wanka, aka ce na jiki su shigo su yi masa addu'a kafin a rufe. Baffa ne ya kamo hannun maigidan, idonsa jajir, ya ce, "Zo ka gan shi, yau ba zai hana ka ba." Ya shiga. Ina daga gefe ina kallo. Ya wuce mutanen da ke tsaye wajen kai, ya je wajen ƙafafu ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar kullum. Ya daɗe a wurin. Har aka ɗauke Baba, maigidan bai san fuskarsa ba.

Baba bai yarda da hoto ba, wanda ke jikin katin zaɓensa kuwa ko shi bai gane kansa a ciki ba. Don haka duk mako in jarida ta iso Ƙaura, ina ba direban Shinkafi guda ɗaya ya kai wa Inna. Ba ta karatun boko, ba ruwanta da abin da Mai Girma ya sata. Takan buɗe shafin, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta dubi kusurwar ƙasa.